Gida Shida da Babu Kowa: Tafiyar Dara Zuwa Gidan Amumune

Wani abokin cinikina, ɗan ƙasar Mayahi mai rumfar wake da gyaɗa a Tasawa, shi ya jawo wannan tafiya da bakinsa. Duk sanda ya shigo Katsina ya tarar da mu a gindin dalbejiya muna dara, sai ya harɗe hannu ya tsaya a kanmu yana murmushi. Ran nan dai ya kasa haƙuri ya ce, "Alhaji, wannan ai motsa yatsu kuke yi. In dara kake son gani, bari a gama kaka ka zo garinmu." Ya ce idan hatsi ya shiga rumbu, ƙauyukan da ke kewaye da Gidan Amumune kan tara gwanayensu a kara, har da kyauta ga wanda ya yi zarra. Ni kuwa a unguwarmu ba a cika tashina daga kan dara ba. Na ce a sa sunana.

Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, amma tsaye-tsayen hanya kan sa mutum ya manta da haka. Daga Jibiya aka shiga sauka da hawa, nuna takarda, buɗe jaka, har muka wuce Ɗan Isa. Na canza nairata zuwa sefa, na koma koyon lissafi, domin a can da dala ake ƙirga kuɗi. Sefa 5 ita ce dala ɗaya, sefa 100 dala ashirin, sefa 1000 kuma jika. Mai shayi ya ce mini dala talatin, na tsaya ina ninkawa a zuci, yaron da ke wanke masa kofuna yana ta dariya.

Bakatsine ba ya baƙunta a Maraɗi. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin garin. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri nan kusa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su. Ke nan ƙasar da na nufa da ƴan tsinkayena ƙasa ce da ta daɗe da sanin yaƙin gaske, na doki da sulke da kibiya.

Na kama babbar hanyar gabas, ta Cadawa da Agye da Gazawa. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne gawo. Gonaki sun bushe, kara ya kwanta, amma gawo ya yi kore shar, don shi da rani yake fitar da ganye. Tun cikin shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka koma barin kututture ya toho a gona maimakon a sare shi ƙurmus wajen sassabe, ga shi yau itatuwan sun yi yawan da baƙo zai lura ko bai tambaya ba.

A Tasawa na sami mai masaukina. Gari ne mai tafkuna da tsohuwar sarauta. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya yada zango nan a watan Janairun 1851 kafin ya gangara Katsina da Kano. Da yake motar Mayahi sai washegari, abokina ya ɗauke ni a babur zuwa Maijirgi, gabas kaɗan da gari. A wannan yanki ne ayarin sojan Faransa na Kyaftin Voulet da Chanoine ya watse, ayarin da ya faɗa wa Sarauniya a Lugu, ya yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, ya bar gawarwaki a ƙauyuka har zuwa ƙasar Tasawa. Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yulin 1899. Kwana biyu zuwa uku bayan nan sojojinsu baƙar fata suka juya musu baya, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburan da ake cewa nasu ne suna nan Maijirgi. Awaki na kiwo a gefensu, wata yarinya mai tallar gyaɗa ta biyo mu ko za mu saya.

Daga Tasawa zuwa Mayahi ƙura muka sha. Mayahi na zaune ne a bakin Gulbin Kaba, gulbin da ba ruwa ke gudu a cikinsa ba, goruba ce ta cika kwarinsa. Ko ina ka duba kaba ce: mata na saƙa tabarma da faifai, tsofaffi na tufka igiya, jakuna na tafe da dammunanta sun rufe su har kunne. Daga nan sai rairayi. Wata tsohuwar Toyota mai buɗaɗɗen baya ta kwashe mu tare da buhunan gishiri da jarkokin mai da wata akuya da ba ta yi shiru ba ko sau ɗaya. In ta kafe a yashi mu sauka mu tura. La'asar sakaliya muka shiga Gidan Amumune, hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan, daga can kuma amalanken shanu ya ƙarasa da mu ƙauyen abokina.

Aka kai ni gaisuwa wurin mai gari, aka kawo fura da nono a ƙwarya, da dare tuwon gero da miyar kuka. Bayan isha'i dattawa suka zauna yanke dokar wasa, abin da ban taɓa ganin an yi wa dara ba. Ashe dole ne, don kowane ƙauye da irin tasa al'ada. Ginshiƙin dai ɗaya ne: gida 30, jeri biyar na gida shida-shida, kowa da ƴaƴa 12. Ana zuba su ɗaya bayan ɗaya, kai ka sa, ni in sa, kuma ba a jera uku lokacin zubi. In an gama sai tafiya, taki ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Wanda ƴaƴansa suka gaza uku ya mutu. Inda aka yi gardama shi ne jeri huɗu, da kuma ɗan da ke cikin jeri ukun da ya riga ya tsaya. A wurinmu kowane ɗa ka ga dama kana ɗauka. Nan aka ce a'a, wanda ke cikin jeri ba a taɓa shi, huɗu kuwa haramun ne gaba ɗaya, ko da kuskure. Na buɗe baki zan kawo yadda muke yi a Katsina, mai masaukina ya taka mini ƙafa.

Liman ya kafa nasa sharaɗin: ba a aza ko dala a kan wasa, kuma da an kira salla a tashi. Kyautar wani mai sayen hatsi ne ya bayar, bunsuru da yadi biyar na shadda, sai ƙwaryar goro ta ƴan kallo. Wanda aka ci sau biyu ya fita.

Da hantsi aka share ƙarƙashin wata babbar tsamiya. Yara suka yayyafa ruwa a yashi don gidajen su tsaya, wani ya bi da dunƙulen hannu yana lotsa su. Ƙasar nan dutse wuya yake yi, saboda haka gefe ɗaya tsinken kara ne da ake cakawa a tsaye, ɗaya gefen ƙwallon aduwa, wasu kuma busasshen kashin raƙumi. Nan take aka kafa fage shida ba a kashe ko sisi ba. Mutane suka zo a ƙafa, a jaki, a babur. Akwai maƙeri, akwai mahauci, akwai malamin lakwal, akwai wani Buzu dogo da ya ɗaure raƙuminsa nesa kaɗan ya zauna bai ce wa kowa uffan ba. Wasan nan ba na Hausawa kaɗai ba ne. Zabarmawa suna yin sa suna ce masa dili, Buzaye suna yi, Dakarkari a ƙasar Zuru ma sun shahara da shi.

Karona na farko da wani saurayi ne mai gyaran babur. Hannunsa ya fi idonsa sauri, na cinye shi sau biyu a jere, ƴan kallo suka ce, "Kai, baƙon nan shina da hannu." Na ɗan gyara zaman hula.

Sai aka haɗa ni da wani tsoho mai tufkar igiya, siriri, ido ɗaya ya yi fari, ya zo da tsinkayensa a cikin tsohon gwangwanin tumatir. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau, ɗana. Kai ne na Katsina? To, zauna mu ga abin da ka zo da shi."

Mu ƴan birni, zubi a wurinmu share fage ne, muna yin sa muna hira, jira muke a fara tafiya. Wannan tsoho kuwa a zubin ya tare. Sai ya riƙe tsinke a sama ya daɗe, har in ɗauka gyangyaɗi yake, sannan ya caka shi a wani lungu da ban ga amfaninsa ba. Lissafin da yake yi, wanda sai daga baya na gane shi, mai sauƙin faɗi ne. Gida 30, ƴaƴa 24, ke nan in an gama zubi gida shida ne kacal babu kowa. Duk tafiyar farko sai ta cikin shidan nan za ta bi. Wanda ƴaƴansa suka kewaye su shi ke da ƙofa, ɗayan kuwa ko ya jera biyu-biyu kamar me, in ba shi da hanyar shigar da na uku, sun zama kayan ado. Ni ina kallon inda ƴaƴa suke, ina ta ƙulla biyu-biyu ina jin daɗi. Shi kuwa inda za a bari fayau yake kallo, yana zaɓen wanda zai zama maƙwabcinsa.

Da aka fara tafiya na tarar ƴaƴana uku ne kawai ke iya motsi, kuma kowanne na ɗaga, ƙofa na buɗe masa. Ya ci ɗaya. Bai ɗauki wanda na zata ba, wanda ke dab da jera mini uku, sai ya cire wani can gefe. Taki biyu bayan haka sai jama'a suka ɗau sowa: "Doki! Ya hau doki!"

Wanda bai san dara ba, ga yadda dokin yake. Ƴaƴa biyar ne: biyu a jerin sama, biyu a jerin ƙasa sun goce gefe, na biyar a tsakani. In ya hau sama ya cika uku, in ya sauko ƙasa ya cika uku. Kowane taki ci ne. Maganinsa ɗaya, ka cusa ɗanka a gidan da ya bari kafin ya komo. Ɗan da tsohon ya cire mini can gefe, shi kaɗai ne zai iya kai wa wannan gida. Ya yi ta hawa da sauka yana tsince ni, yana tauna goro. A karo na biyu na yi ƙoƙarin kwaikwayon zubinsa, na daɗe ban faɗi ba, har na ci masa biyu, amma ƙarshenta dara ta ci gida.

Ƴan kallo su ma rabin wasan ne. Doka ta hana su nuna taki, amma ba ta hana tari ba, ba ta hana mutum ya ce "Allah Sarki" daidai lokacin da ka miƙa hannu ba. Wani na gyaran murya don ya cece ka, wani don ya ruɗa ka, kuma baƙo ba ya bambance su. Ga ba'a. Da na tashi, mahaucin nan ya ce, "Alhaji, sannu da hanya. Yanzu ka iso." Ban ji haushi ba, don shi ma kafin azahar Buzu ya yi waje da shi.

Kafin karon ƙarshe muna shan shayi sai ɗan mai masaukina, ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ya zo hutu, ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi darar Turawa." Wani makeken zaure ne cike da tebura, kowane tebur an gina masa tuddai da kangaye da itatuwa ƴan ƙanana, ga ƴan mutum-mutumin soja da ba su wuce tsawon yatsa ba, an yi musu fenti har igiyar takalmi. Manyan mutane masu gemu sun duƙa a kai, suna auna tazara da tef irin na tela, suna jefa ƙwayoyin nan masu ɗigo irin na ludo. Na ɗan san tarihin abin. Wani hafsan Prusiya, Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojan ƙasarsa wasan yaƙi a kan taswira a 1824, suka karɓe shi don horar da hafsoshi. Marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma, Little Wars, a 1913. Kamfanin Games Workshop, mai mazauni a Nottingham, ya fito da Warhammer a 1983, yau kuma ana gasarsa a ƙasashe da dama. Kowane ɗan wasa shi ke sayen rundunarsa, ya harhaɗa, ya yi mata fenti, ya ɗauko ta a akwati zuwa wurin gasa.

Wayar ta zaga hannu-hannu har ta kai ga tsoho mai igiya. Ya kai ta dab da idonsa mai gani, ya daɗe.

"Wannan da suke jefawa, mi ne ne?"

Yaron ya ce, "Baba, ita ke nuna ko harbinka ya samu ko bai samu ba."

"To, in ka faɗi, wa ya kashe ka? Mutumin ko ƙwayar?"

Aka yi dariya. Ni dai ban raina wasan nasu ba. Wanda ya kwana yana yi wa soja ɗari fenti da ɗan siririn buroshi ya san haƙuri, kuma masu yin sa na cewa ƙwayar tana koya wa mutum shirya wa abin da bai zata ba, wanda kowane mayaƙi ya san da shi. Su ma, in ka bi diddigi, jera runduna kafin a fara motsi shi ne rabin nasara. Amma na fi son tamu a kan abu biyu. A dara babu wanda ya fi wani kayan yaƙi, mai shanu ɗari da mai tufkar igiya sha biyu-biyu suke zama da su. Kuma in an cinye ka babu abin da za ka ɗora wa laifi. Da yaron ya ƙara da cewa wasunsu har yaƙe-yaƙen Turawan mulkin mallaka a Afirka suke maimaitawa a kan tebur, sai Maijirgi ta faɗo mini a rai, na miƙa masa wayarsa.

Karon ƙarshe, kamar yadda kowa ya zata, tsakanin tsohon ne da Buzu. Aka share sabon fage, aka kori yara baya, masu fura suka sauke ƙwaryarsu suka tsaya. Zubi kaɗai ya ci lokacin da za a yi wasa uku irin namu. Babu tari, babu "Allah Sarki". Buzu ya ci na farko da doki, tsoho ya rama na biyu ba tare da doki ba, da ƙuntatawa kawai, ya toshe shi har sai da ya rasa takin da ba na asara ba. Ana tsakiyar na uku ladan ya kira la'asar. Aka kifa babban faifai a kan fagen, aka aza takalmin mai gari a sama, aka sa yara biyu gadi, ɗaya daga kowane ɓangare. Na lura a sahu mutane da yawa leɓensu na motsi, Allah ne kaɗai ya san ko tasbihi suke ko lissafin gida.

Da aka dawo, tsoho ya yi abin da ya sa wurin ya kaure. Yana da damar ci a fili, ya ƙi, ya ja wani ɗa baya. Wasu suka ce tsufa ne, ido ya gaza. Buzu ya daɗe yana kallon fagen, ya gyara amawalinsa, ya ci ɗaya. Wannan cin shi ya fitar da ɗansa daga bakin gidan da yake tsaro. Tsoho ya shiga, ya jera uku, ya cire mai tsaron ɗaya ƙofar, doki ya tsaya. Buzu bai jira a tsince shi ba. Ya shafe gidajen da tafin hannu, ya miƙa wa tsohon hannu biyu, sannan a karo na farko muka ji muryarsa: "Baba, baɗi in Allah ya kai mu."

A Nijar ɗan kokawa da ya ɗauki takobin ƙasa, gasar da aka fara a Tawa a 1975 wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, har gidan rediyo da talabijin sai sun san da shi. Gwanin dara kuwa bunsuru ya samu. Ya ba jikansa igiyar ya ja, ya naɗe shaddar ya sa a hammata, ya tsince tsinkayensa ɗaya-ɗaya ya mayar cikin gwangwani.

Da safe kafin amalanke ya zo na je yi masa sallama, na kai masa goron da na taho da shi. Na same shi ya miƙe ƙafa, ya maƙale kaba a babban yatsa yana tufka. Na ce, "Baba, don Allah a ina na faɗi jiya?" Ya ajiye igiyar, ya lotsa gida talatin a gabansa, ya ɗebo ƙwallon aduwa da tsinke, ya sake zuba wasanmu na farko tun daga ɗan fari, nawa da nasa, bai ɓata ko ɗaya ba. Da ya kai ɗana na bakwai sai ya tsaya, ya ɗora yatsa a kai.

"Nan. Da ka sa shi can, da mun kai azahar."

Ya nuna mini zubi iri biyu da ake tare irin wannan tarko da su, ya sa na maimaita har sai da hannuna ya kama. Na uku ya ce sai na dawo. Mai amalanke ya fara kira daga bakin rijiya, don motar da za ta kai mu Mayahi mu sauka Cadawa ba ta jiran kowa. Ina miƙewa ya ɓare goro ɗaya, ya duba cikinsa, ya ce, "Ɗana, in za ka komo, ka zaɓo da kanka. Wannan sankara ta riga ni."